Mota a Ƙofar Gida: Yadda Ake Sasanta Rikicin Wurin Ajiye Abin Hawa a Unguwannin Tahoua

Ranar Lahadi, ranar kasuwar Tahoua, kafin hantsi ya dubi ludayi lungunan da ke kewaye da kasuwa sun cika maƙil. Motocin ƙauye daga Bambeye da Kalfu da Barmu da Afala sun sauke mutane da buhuna, amalanken jakuna sun jeru a gindin katanga, ƴan kabu-kabu na kutsawa duk inda tayar moto za ta iya shiga. Magidancin da ya fito zai kai iyalinsa asibiti sai ya tarar an gicciya masa mota a bakin ƙofa, mai ita kuma ya nutse cikin kasuwa. Wannan da sauƙi, domin kafin magariba baƙo zai ɗauke abinsa ya kama hanya. Mai cin rai ita ce motar maƙwabci, wadda ke kwana a wuri ɗaya yau da gobe, ta tare hanyar fitar amalanke, ko ta mamaye inuwar dogon yaron da wani ya dasa ya yi ta yi masa ban-ruwa shekara da shekaru. A kan irin wannan ne mutanen da ke sallah a sahu ɗaya suke daina gaisawa, matansu su daina aika wa juna kwanon tuwo, yara su gaji gabar da ba su san mafarinta ba.

Tsofaffin unguwanni irin su Bilbis ba don mota aka gina su ba. An bar rariya daidai wucewar mutum da jaki da raƙumi mai kaya, shi ya sa take lanƙwasa nan, ta matse can. Sai zamani ya zo da nasa. Hanyar Tahoua zuwa Agadas da Arlit, da aka shimfiɗa a ƙarshen shekarun 1970 domin jigilar yuraniyom, ta mayar da garin mashigar manyan motoci tsakanin Ƙonni da arewa. Adarawa ƴan ci-rani da ke Abijan da Kamaru da Libiya da Aljeriya suna dawowa da abin hawa, ko su aiko da kuɗin saye. Jami'ar da aka kafa a 2010 ta ƙara yawan ma'aikata da ɗalibai masu zaman haya, ayyukan Tahoua Sakola na bikin 18 ga Disamban 2017 kuma suka gyara manyan tituna. Garin da ya haura mutum 100,000 tun ƙidayar 2012 yana ƙara abin hawa kowace shekara, faɗin lungu kuwa yana nan yadda kakanni suka bar shi.

A Amurka unguwanni da yawa suna da ƙungiyar masu gidaje mai rubutattun ƙa'idoji, wadda ke iya cin tarar mai gida ko ta sa a janye motar da aka ajiye ba daidai ba. A biranen Japan, tun 1962 doka ta wajabta wa mutum nuna shaidar wurin da motarsa za ta kwana kafin a yi mata rajista. A Tahoua ba a saba da ƙungiya mai ikon tara ba, amma akwai masu yin aikinta: dattawan lungu, limamin masallacin unguwa, mai unguwa, sannan meri, wato ma'aikatar magajin gari. Wanda ya san yadda ake hawa wannan tsani mataki-mataki, da wuya maganarsa ta kai gaban alƙali.

Ƙofar gida ta wa ce?

Yawancin rikicin daga magana ɗaya yake tashi: "Ai ƙofar gidana ce." A takarda, iyakar gida tana nan inda masu awo suka kafa turakun siminti ranar da aka yanka filaye, kuma abin da ke rubuce a takardar fili shi kaɗai ne mallakar mutum. Daga bayan katanga zuwa waje hanya ce, dukiyar jama'a, ba a sayar da ita, daɗewar amfani kuma ba ta mayar da ita ta wani. Wanda ya shekara 20 yana ajiye mota a wuri ɗaya bai mallaki wurin ba, kamar yadda mai shayin da ya tsufa da teburinsa a bakin titi bai mallaki titin ba. Ko a Faransa, inda dokokin Nijar da dama suka samo tsarinsu, kotun ƙoli ta tabbatar a 2017 cewa ana iya cin tarar mutum don ya tsayar da mota a kan titi a bakin garejinsa na kansa.

Sai dai al'ada da fiƙihu ba su bar mai gida hannu rabbana ba. Malaman Malikiyya, mazhabar da ake bi a ƙasar Adar, sun san abin da suke kira fina'i, wato ɗan filin da ke manne da katangar gida. Mai gida ya fi kowa haƙƙin amfani da shi: ya yi dakali, ya ɗaure dabba, ya sauke kaya, indararonsa ya zubar da ruwa a ciki. Sharaɗin shi ne kada ya kewaye shi ya haɗe da gidansa, kada kuma ya cutar da masu wucewa. Ibn al-Rami, wani magini na birnin Tunis a ƙarni na 14 da alƙalai ke aikawa ya duba rikicin gini, ya tara irin waɗannan hukunce-hukunce a littafi guda. Risala ta Ibn Abi Zaid, da almajirai ke biyawa a zaurukan malamai, ita ma ta hana mutum yin abin da zai cuci maƙwabcinsa, har da buɗe ƙofa daura da tasa. Akwai kuma ingantaccen hadisi da ya ƙayyade faɗin hanya kamu bakwai idan mutane suka yi saɓani a kanta.

In aka haɗa takarda da fiƙihu, abu uku ke fitowa. Mai gida yana da fifiko a gindin katangarsa amma ba shi da mallaka. Babu mai ikon toshe wa wani shiga da fita. Hanyar wucewar jama'a kuma tana gaba da haƙƙin su biyun.

A auna kafin a buɗe baki

Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Idon mai fushi kuwa ba ya sanin ƙima, don haka matakin farko shi ne a ari mitar awo wurin magini a auna wurin.

Ƙaramar mota irin Corolla faɗinta kusan mita 1.7 ne, tsawonta kusan mita 4.5. Hilux ta kai mita 1.8 a faɗi, ta haura mita 5 a tsawo. Babbar mota mai ɗaukar albasa ko siminti tana cin mita 2.5. Ƙofar mota na son kusan mita 1 kafin ta buɗe sosai, motar da za ta fito daga gareji kuma tana son sararin mita 5 zuwa 6 a gabanta kafin ta karya kwana. Kamu bakwai ɗin da aka ambata kusan mita 3.5 ne, daidai abin da motar ɗaukar marasa lafiya ko ta ƴan kwana-kwana ke bukata ta wuce ba tare da ta gogi katanga ba.

A ɗauki lungu mai faɗin mita 6. In Hilux ta tsaya da tazarar ɗani ɗaya ko biyu daga katanga, abin da ya rage ya kusa mita 4, kowa na wucewa. In maƙwabcin da ke daura ya tsayar da tasa a daidai wurin, abin da ya rage a tsakiya bai kai mita 2 ba: amalanke mai ɗauke da kara ba zai wuce ba, balle tankar ruwa. A nan babu mai laifi shi kaɗai, kuma maganin bai fi a karkata motocin ba, ɗaya ta matsa gaba, ɗaya ta ja baya, yadda ba za su fuskanci juna ba. Lungun da bai kai mita 5 ba kuwa ba wurin kwanan mota ba ne, komai girman mai ita.

Bayan awo, sai a lura da lokaci har mako guda. Ƙarfe nawa motar ke zuwa, ƙarfe nawa take tashi, wace rana ce take hana fita, wane aiki ne ya tsaya saboda ita? A rubuta a littafin makaranta. Ana iya ɗaukar hoto da waya, amma hoton mota da ƙofa kawai, ban da fuskokin mutane, ban da cikin gidan wani. Sau da yawa wannan lura kan nuna cewa cikas ɗin na minti talatin ne da asuba, kuma abin da ya taƙaita haka ba ya wuyar gyara.

Maganar farko

Ba a yin ta a lokacin da mota ke tare da ƙofa rai yana ɓace. Ba a yin ta a fada gaban samari masu shan shayi, ba a aika yaro da saƙon baki, ba a jefa ta ta kan katanga. Ana samun maƙwabci shi kaɗai, bayan la'asar ko a hanyar dawowa daga masallaci, a gaisa gaisuwa cikakkiya, sannan a shigo da zancen:

"Alhaji, wata ƴar magana ta kawo ni. Da asuba in zan fitar da amalanke, motar ga takan tare mini. Ko za a ja ta gaba kamar taku biyar, zuwa gindin turken wuta?"

Wannan gajeriyar magana ta yi aiki uku. Ta faɗi cutarwar, ta faɗi lokacinta, ta kawo wani wuri a madadin wanda ake so a bari. Ba ta taɓa zancen wanda ya riga wani zuwa unguwar ba, ba ta tono rikicin kwata ko na akuyar bara ba. Mutumin da aka ce wa "ɗauke motarka" yakan ji an kore shi, wanda aka nuna wa gindin turke kuwa an ba shi hanyar amsawa ba tare da ya ji kunya ba.

In maƙwabcin ya girme wa mai ƙorafi nesa ba kusa ba, ladabi shi ne ya je da wani sa'an dattijon, ya kira shi Baba, ya bar sa'an ya buɗe magana. In direba ko yaron mota ne ke ajiyewa, da mai motar za a yi zancen, domin yaro ba ya canza wurin da maigidansa ya nuna masa. A Adar kuma akwai gidaje da yawa da maigida ke ci-rani, uwargida ce ke riƙe da komai. Ita tana da hanya biyu: ta shiga wurin matar maƙwabcin ta ce, "Yaya, don Allah ki yi wa maigidan magana, motar tana hana mai ruwa shigo mana da kura," ko ta sa wan mijinta ko ƙaninsa ya je a madadinta. Kiran miji a waya daga Abijan don ya yi faɗa da maƙwabci daga nesa ƙara wa wuta fetur ne.

Bayan magana a ba da mako guda. In an gyara, a koma a yi godiya.

Dattijo, liman, mai unguwa

In mako ya wuce ba a ga canji ba, sai a nemi mutum na uku wanda su biyun ke jin nauyinsa: limamin masallacin da suke sallah, ko dattijon lungu, ko wanda ya sayar wa ɗayansu fili. Aikinsa ya zo wurin da ƙafarsa, ya tsaya a bakin ƙofar, a tayar da motar a gwada fita a gabansa. Abin da aka gani da ido ya fi abin da aka ji a zaure saurin kashe gardama.

In wannan bai yi ba, sai zauren mai unguwa. Mutane da yawa suna ɗaukar zuwa wurinsa a matsayin al'ada kawai, alhali doka ta san da shi. Dokar 13 ga Janairun 2015 mai tsara sarautar gargajiya a Nijar, wadda ta maye gurbin ta 1993, ta ba sarakuna ikon sasanta mutane a al'amuran al'ada da na zaman tare, kuma masu unguwanni suna cikin wannan tsari. Mai unguwa ba alƙali ba ne. Ba ya yanke hukunci, ba ya ɗaure mutum, ba ya shiga maganar da ta kai ga jini ko ɓarnar dukiya da gangan. Amma yana kiran ɓangarori biyu, ya saurare su, a rubuta takardar sulhu in an daidaita, ko takardar rashin sulhu in abin ya faskara. Takardar sulhun da ɓangarorin suka sa wa hannu ana iya kai ta kotu a buga mata hatimin zartarwa, ta zama abin da dole a bi.

Mai zuwa zauren ya tafi da takardar filinsa ko ta haya, da awon da ya yi, da littafin lokuta, da shaida ɗaya daga lungun. Ya gaida mai unguwa da "ranka ya daɗe", ya faɗi maganarsa a taƙaice, ya bar abokin gardamarsa ya gama tasa ba tare da katsewa ba. Ya kuma shiga da abin da zai iya sadaukarwa, domin sulhun da ɓangare ɗaya ya kwashe komai ba ya kai damina.

Abin da takardar sulhu za ta ƙunsa

Sulhun baki yakan narke da zarar an sayi sabuwar mota ko an yi sabon ɗan haya. Takarda mai amfani tana faɗin sunan lungu da gidajen da abin ya shafa, sannan ta bayyana wurin kowace mota da alamar da ba ta gusawa: turken wutar NIGELEC, kusurwar katanga, gindin itace. A faɗi tazarar da za a bari gaban kowace ƙofa, da faɗin da za a bar wa masu wucewa, kada ya gaza mita 3.5. A hana tsayawa a bakin kwana, inda direba ba ya hango yaron da ya fito da gudu, da kan kwata, da kan murfin bututun ruwa.

A faɗi lokaci. Mai yiwuwa motar ta kwana a wurin amma ta tashi kafin ƙarfe 6 na safe, ko kuma ta tsaya da rana ta koma gareji da dare. A rubuta lambar wayar da za a kira in bukata ta taso cikin dare, da gidan da za a ajiye makulli na biyu in mai motar ya yi tafiya. Wannan sharaɗin makulli shi ne ke ceton mai naƙuda da ƙarfe biyun dare.

A yi maganar inuwa a fili, domin a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Tahoua ke haura digiri 40, inuwar itace ta fi wurin ajiyar kansa tsada. Wanda ya dasa dogon yaro a gindin katangarsa shi ya fi cancanta da inuwarsa. In bai da mota, ana roƙonsa ne, ba a ƙwacewa, kuma mai mota ya bar wa tsofaffin gidan wurin shimfiɗa tabarma.

Daga ƙarshe ɓangarorin su sa hannu ko su dangwala yatsa, shaidu biyu su sa nasu, mai unguwa ya buga hatiminsa, kowa ya riƙe kwafi. In an rubuta da Faransanci, a karanta wa kowa da Hausa kafin a sa hannu, ko da Tamashek in akwai wanda ita ya fi ji.

Gidan haya, babbar mota da mataccen ƙarfe

A gidajen haya masu ɗakuna a jere, irin waɗanda ɗalibai da ƙananan ma'aikata ke zama a Wadata da Sabon Gari da sababbin unguwanni, rikicin cikin tsakar gida yake. Moto biyar ko shida, ƙofa ɗaya, igiyar shanya, murhu, yara masu rarrafe. A nan mai gidan ne ke da alhakin tsarawa, ba wanda ya fi daɗewa ba. Ya ware gefe ɗaya na tsakar gida nesa da wuta, ya ce mai fita da wuri shi ke ajiyewa kusa da ƙofa, ya hana tayar da moto a bar shi yana hayaƙi a bakin ɗakin wani, ya hana ajiye jarkar fetur kusa da madafa. Ya faɗa wa sabon ɗan haya waɗannan ƙa'idoji ranar da zai karɓi kuɗin wata na farko.

Babbar mota kuma maganarta daban. Direban da ya ɗauko albasa daga Tamaske ko Tabalak, ko ya sauko daga Agadas a gajiye, yana son ya kwana gida motarsa na kusa da idonsa, kuma tsoronsa na ɓarayin batir da gazuwal gaskiya ne. Amma nauyinta yana fasa murfin kwata, yana danne bututun ruwa da ke ƙarƙashin yashi, tana tsinka wayar wuta, ƙararta da asuba tana tayar da lungu duka. Wurin kwananta tasha ne ko fili mai mai gadi. Abin da ke sa direba ya yarda shi ne a nemo masa wurin tare, maimakon a ce masa ya san inda zai kai ta. Ga ƙananan motoci ma, mazauna lungu kan iya roƙon mai wani kango ya ba su aro, su haɗa kuɗin mai gadi, ko da dala ɗari-ɗari ne a mako.

Sai motar da ta mutu aka jingine ta a kan duwatsu, ta shekara tana tara yashi da leda da kunamu. A Faransa motar da ta haura kwana bakwai a wuri ɗaya a kan titi ba ta motsa ba ta saɓa doka. Mazauna lungu suna iya ɗaukar irin wannan ma'auni a takardarsu, su ba mai ita wa'adin wata guda ya kai ta gareji ko ya sayar wa masu tsohon ƙarfe.

Biki, suna da zaman makoki

Rumfar biki ko ta makoki tana rufe lungu, kuma al'ada ta yarda da haka. Ba wanda ke zuwa da mitar awo gidan da aka yi rasuwa. Mai biki ko suna kuwa ya san ranarsa tun da wuri, don haka ya zagaya gidajen lungun kwana biyu kafin nan, ya gaya wa masu mota su fitar da su tun da dare, ya sanar da mai unguwa, ya nemi izinin meri in babban titi ne zai tare. Ya sa samarin fada biyu su tsaya a bakin lungu suna nuna wa baƙi wurin tsayawa. Waɗannan samari su ne ke amfani ranar Juma'a da ranar Lahadi ga gidajen da ke kusa da masallaci ko kasuwa, domin su suka san motar kowa da mai ita.

In abin ya wuce unguwa

Birnin Tahoua ya kasu gunduma biyu, ta ɗaya da ta biyu, kowace da ofishinta. Dokar ƙananan hukumomi ta 17 ga Satumban 2010 ta ɗora wa magajin gari kula da tsari da tsabta da zirga-zirga a cikin gari, kuma tun Afrilun 2024 da aka rushe zaɓaɓɓun majalisu, wakilan da gwamnati ta naɗa ne ke riƙe da wannan aiki. Meri ce wurin zuwa in maganar ta shafi hanyar kanta: wani ya gina rumfar kwano ko dakalin siminti ya cinye titi, ko an jibge yashi da bulo wata da watanni, ko ana gardamar inda iyakar fili ta tsaya. Sashen filaye na iya buɗe taswirar unguwa a ga faɗin da aka ba hanyar tun farko. A kai koke a rubuce, a haɗa da kwafin takardar mai unguwa, a karɓi shaidar an ajiye.

Komisariya, wato ofishin ƴan sanda, wurin gaggawa ce: an toshe ƙofa an ƙi ɗagawa alhali ga mara lafiya, ko an yi barazana, ko an kai hannu. Kotu kuwa ita ce matakin ƙarshe, mai cin kuɗi da lokaci, kuma maƙwabtan da suka tsaya gaban alƙali da wuya su sake cin tuwo a kwano ɗaya.

Akwai abubuwan da ke mayar da mai gaskiya mai laifi cikin dare ɗaya. Sace iskar taya, karce fenti da ƙusa, fasa madubi ko gilashi, duk ɓarnar dukiya ce da doka ke hukuntawa, kuma daga ranar maganar ta tashi daga zauren mai unguwa. Jera duwatsu da tsofaffin tayoyi, ko kafa ƙarfe a hanya don kama wuri, shi ma tare hanyar jama'a ne, ga haɗari ga mai moto da dare. Saka hoton motar maƙwabci da lambarta a WhatsApp na unguwa da kalaman zagi yana iya jawo ƙarar ɓata suna.

A garuruwan arewacin Adar

A Barmu da Takanamat da Tebaram da ƙauyukan da ke kewaye, amalanke da dabba sun fi mota tare hanya, sai ranar kasuwa da motocin fatake ke cika gari. Matakan ɗaya ne, sai dai mai gari ke zama a madadin mai unguwa, sarkin kanto a samansa. In wurin da ake gardama ya taɓa burtali ko hanyar rijiya ko bakin tafki, to ya shiga ƙarƙashin dokar karkara ta 2 ga Maris 1993, wadda ta kafa kwamitocin filaye. Ba a mayar da burtali tashar mota, ko da rani ne babu garke a kusa.

Tun ran gini

Mai sabon fili a bayan gari yana da damar da mazaunin Bilbis ba shi da ita. Fili mai mita 20 a kan 20 yana ɗaukar wurin mota mai mita 3 a kan 6 ba tare da ya hana ɗaki ko turken awaki ba. A yi ƙofar mota mai faɗin mita 3 ko fiye, mai buɗewa ciki ko mai zamewa gefe, a kauce wa sa ta daura da ƙofar maƙwabci, kada kuma gangaren simintin da ke gabanta ya shiga hanya ya karkatar da ruwa gidan wani.

Ruwan sama ne ke jarraba kowace takardar sulhu. Wurin da ya dace a watan Maris yana iya zama mabiyar ruwa a watan Agusta, lokacin da ruwan damina ke kwararowa ta lungu, motar da ke gindin katanga ta tare ruwan ta tura shi jikin ginin ƙasa. Don haka a sa a takardar cewa za a sake zama sau biyu a shekara: bayan ruwan farko mai ƙarfi, da kuma lokacin da ƴan ci-rani suka dawo da sababbin motoci. A ranar, ɓangarorin da shaidunsu su fito da mitar awo, su bi lungun daga wannan baki zuwa wancan, su duba inda ruwa ya bi da inda yashi ya taru, su gyara alamomin da suka gusa, sannan a kai wa mai unguwa sabon kwafi ya sa a littafinsa.